ROBAR HANCI: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu



Maganar da za a yi yau a kan wata 'yar roba ce wadda likita ya kan zura wa majiyyaci ta ƙofar hanci har ta sauka cikin tumbinsa. A asibiti a kan ce da ita robar hanci, waɗansu kuwa su ce robar abinci. Ta manya ba ta kai kaurin fensir ba, ta jarirai kuwa kamar tsinken ashana ta ke. Duk da ƙanƙantarta, da wuya a sami kayan asibitin da talakawa su ke tsoro kamarta. Sau da yawa likita ya kan ce a sa wa yaro, iyaye su ƙi, har su ɗauke ɗansu su koma gida da shi, alhali kuwa sauran kwana uku ko huɗu ya farfaɗo. Tun da ya ke maganar hakimi tana kai wa inda ta likita ba ta kai wa, ya kamata hakimai da malamansu su san ko mece ce wannan roba, da amfaninta, da kuma haɗarinta, don in talaka ya tambaye su su ba shi amsa ta sani.

HANYOYI BIYU A CIKIN WUYA

A cikin wuyan ko wane mutum akwai hanyoyi biyu. Ta gaba ita ce hanyar iska, wadda ta nufi huhu. Ta bayanta ita ce hanyar abinci, wadda ta nufi tumbi, tsawonta a jikin babban mutum misalin santimita 25, watau inci 10. Hanci da baki duka suna haɗuwa a can bayan maƙogwaro, daga nan hanyoyin nan biyu su ke rabuwa. Saboda haka abin da ya shiga ta hanci yana iya sauka cikin tumbi, kamar yadda majina ta kan yi in an zuƙe ta.

A bakin hanyar iska akwai wani ɗan marfi. Duk sa'ad da mutum ya haɗiyi loma ko ya kurɓi ruwa, marfin nan ya kan rufe, abinci ya wuce ta hanyarsa. In an yi kuskure ɗan ruwa ya kauce, sai mutum ya ƙware, ya yi ta tari har ya fito da shi. Mai lafiya ke nan. Amma wanda ya suma, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko jaririn da bai isa haihuwa ba, wannan aiki ba ya tafiya daidai a wuyansa, wani ma ba shi da ƙarfin yin tarin. In aka ba shi kunu ta baki, wani kashi ya kan gangara cikin huhu, ya ruɓe can, ya zama ciwon huhu mai zafi. Wannan ciwo shi ya kan kashe da yawa daga cikin irin waɗannan majiyyata, ko da ciwon da ya kwantar da su ya fara sauƙi.

A nan ne ya kamata a ambaci ɗure. In yaro ya ƙi abinci, mata su kan kwantar da shi a cinya, su tara kunu a tafin hannu a bakinsa, su toshe masa hanci har ya haɗiye. Da kyakkyawar niyya su ke yi, amma yaron da a ke yi wa haka yana kuka yana neman iska, marfin nan kuwa a buɗe ya ke. Yaro mara lafiya in an yi masa ɗure yana iya shaƙewa nan take. Robar hanci an yi ta ne don a kai abinci cikin tumbi ba tare da an bi ta wannan mararraba mai haɗari da shi ba.

ASALIN ROBAR

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1790 wani likita a birnin Landan, sunansa John Hunter, ya sami majiyyaci wanda haɗiya ta gagare shi. Sai ya ɗauki fatar wani dogon kifi mai kama da maciji, ya mai da ita kamar tiyo, ya zura masa ta baki, ya riƙa zuba masa ƙwai da madara da sukari har haɗiyarsa ta komo. A 1867 wani likita Bajamushe, Adolf Kussmaul, ya yi amfani da tiyo ya zuƙe abin da ya taru a tumbin mai ciwo, ya wanke shi. A 1921 likitoci biyu, Abraham Levin a Amurka da John Ryle a Landan, ko wanne ya fito da siririyar roba mai taushi, irin wadda za a iya bari a jikin mutum. A Ingila da ƙasashe da yawa har yanzu a kan kira robar da sunan Ryle. A 1931 kuma Owen Wangensteen, likitan fiɗa a jihar Minesota ta Amurka, ya haɗa ta da wata na'urar zuƙa don masu toshewar hanji, mace-mace daga wannan ciwo kuwa suka ragu ƙwarai. Robobin ciyarwa sirara masu laushi da a ke gani yanzu sun fara yaɗuwa ne daga 1976.

Ko wace roba tana da lamba, lambar kuwa kaurinta ta ke nunawa. Lamba 3 daidai ta ke da milimita 1. Jarirai a kan sa musu lamba 5 zuwa 8. Babba in don ciyarwa ne a kan sa masa 8 zuwa 12, in kuwa don zuƙe ciki ne 14 zuwa 18.

WAƊANDA A KAN CIYAR DA ITA

Na fari, jariri bakwaini. Ciki ya kan cika ne a mako 40. Jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi gaba ɗaya sai ya kai misalin mako 32 zuwa 34. Wanda aka haifa kafin nan, ko an kai shi ga mama ba zai iya kamawa ba, sai ya gaji ya yi barci da yunwa. To, uwarsa za ta tatsi nononta a kofi mai tsabta, nas ta zuba masa ta roba, kaɗan kaɗan, bayan awa biyu ko uku. Lalle a fahimtar da iyaye cewa nonon uwar ne da kansa yaron ya ke sha. Ran da ya yi ƙarfin tsotso sai a cire robar a mai da shi ga mama.

Na biyu, yaro mai tamowa. Yunwa in ta yi nisa a jikin yaro ta kan kashe masa sha'awar abinci, har a ga kamar ƙi ya ke yi. Irin wannan yaro a kan fara shi da wata madara ta musamman da a ke kira F-75. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mililita 130 a ko wane kilo na nauyinsa a yini da kwana. Watau yaro mai kilo 7 zai sha mililita 910, a raba masa sau 12, ko wane sha misalin mililita 75. A kan fara ba shi da kofi ko cokali. In ya kasa shanye kashi huɗu cikin biyar na abin da aka auna masa har sau biyu a jere, sai a sa roba a zuba masa ragowar. Yawanci kwana kaɗan ne ya fara karɓa da kansa.

Na uku, mai amai da gudawa wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Wanda abin ya yi wa tsanani ƙarin ruwa ta jijiya ya fi dacewa da shi. Amma wani lokaci jijiya ta kan ɓace, ko kuwa a ƙaramin asibitin ƙauye babu kayan ƙarin ruwa, babban asibiti kuma da nisa. A nan malamin asibitin da ya sami horo yana iya zuba ruwan gishiri da sukari ta roba, mililita 20 a ko wane kilo ko wace awa, har awa 6. Yaro mai kilo 10 zai sami mililita 200 a awa ke nan, jimla lita 1 da mililita 200.

Na huɗu, wanda ba ya cikin hayyacinsa, kamar mai sanƙarau, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai, ko wanda ya faɗi a babur ya bugu. Haka kuma mai ciwon sarƙewar haƙora, wanda bakinsa ba ya buɗuwa, da mai mashaƙo, gama mashaƙo ya kan shanye naman haɗiya bayan maƙogwaro ya warke. Duk waɗannan suna bukatar ruwa da abinci da magani ko wace rana, ba su kuwa iya haɗiya.

Na biyar, mai shanyewar ɓarin jiki, ciwon da hawan jini ya kan jawo. Kusan rabin masu wannan ciwo haɗiya ta kan ba su wuya a kwanakin farko, amma yawancinsu ta kan komo musu cikin 'yan makonni. Robar ita ke riƙe su har lokacin. Wanda aka ga haɗiyarsa ba za ta komo da wuri ba, bayan mako huɗu ko shida likita ya kan ba da shawarar a sa masa wata roba ta fatar ciki kai tsaye zuwa tumbi, dabarar da aka fito da ita a Amurka a 1980.

Na shida, wanda aka yi wa aiki a baki ko a muƙamuƙi ko a maƙogwaro, kamar masu ciwon noma, ciwon nan da ke cin fuskar yara, wanda aka buɗe masa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Ɗinkin baki ba ya son abinci ya taɓa shi har sai ya kama.

AIKINTA NA BIYU: FID DA ABIN DA KE CIKI

Ba ko wace robar hanci ce ta abinci ba. Cikin mutum yana tsatso da ruwa iri iri don narkar da abinci, watau miyau, da ruwan tumbi, da na matsarmama, da na hanji, jimlarsu lita 6 zuwa 8 ko wace rana. Mai lafiya hanjinsa ya kan tsotse kusan duka ya mayar cikin jiki. Amma in hanji ya toshe, ko don ƙaba ta sarƙe, ko don ya murɗe, ko kuwa zazzaɓin taifot ya huda shi ya daina motsi, sai ruwan nan da iska su taru, ciki ya kumbura kamar ganga, mutum ya yi ta amai kore, numfashi ya yi masa wuya. In aka sa roba aka haɗa bakinta da jaka, sai ruwan ya riƙa fita, ciki ya saki, aman ya tsaya, a sami damar shirya majiyyaci a shiga da shi ɗakin fiɗa. Dangi in sun ga ruwa kore ko ruwan ƙasa yana zuba cikin jaka kada su firgita, gama abin da ke damunsa ne ya ke fita. Irin wannan majiyyaci ba a ba shi kome ta baki, ko da ya roƙa, sai likita ya ce a ba shi. Da can duk wanda aka yi wa aikin ciki a kan bar masa roba, amma an gano yawancinsu sun fi saurin warkewa ba tare da ita ba, saboda haka yanzu sai mai bukata a ke sa wa.

Akwai kuma gwaji. Ƙaramin yaro mai tarin fuka ba ya iya tofar da kaki, haɗiye shi ya ke yi. Sai a sa masa roba da sassafe kafin ya ci kome, a zuƙo ɗan ruwan tumbinsa, a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar cutar. Wannan na ɗan lokaci ne, da an gama a ke cirewa.

GAME DA SHAN GUBA

Mutane da yawa sun san wankin ciki, har su kan nemi a yi wa wanda ya sha guba. Tun 1997 ƙungiyoyin likitocin guba na Amurka da Turai suka ba da sanarwa cewa kada a mai da wankin ciki al'ada, gama amfaninsa kaɗan ne, haɗarinsa kuwa da yawa. Abin da a kan yi wa waɗansu shi ne a ba su wani garin gawayi na asibiti wanda ke kama gubar, ya fi aiki kuwa in an ba da shi cikin awa ɗaya da sha. Wannan gawayi dabam ya ke da na murhu.

Yaron da ya sha kananzir ko fetur ba a wanke masa ciki, ba a kuma sa shi amai, gama ko kaɗan ya shiga huhu ya kan ƙone shi. Wanda ya sha sodar yin sabulu ko ruwan batir shi ma haka, don abin da ya ƙone hanyar abinci da saukarsa zai sake ƙone ta da fitowarsa. Kada a ɗura musu manja ko madara don su yi amai. A ɗauki kwalbar abin da suka sha a tafi da su asibiti nan da nan.

YADDA A KE SA TA

Da fari nas ko likita zai bayyana wa majiyyaci ko danginsa abin da za a yi. Sa'an nan ya auna robar a jikinsa, daga kan hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa ƙarshen ƙashin ƙirji, ya yi mata alama. A jikin babba ya kan kama santimita 50 zuwa 60. Sai a zaunar da shi, a shafa wa robar wani mai santsi, a tura ta sannu a hankali ta ƙofar hanci ɗaya. In ta kai maƙogwaro, mai iya haɗiya a kan ce ya haɗiye, robar ta bi. A ƙarshe a manne ta a hanci da kumatu da filasta. Aikin 'yan mintoci ne. Ba a yanka, ba a ɗinki. Gaskiya ne babu daɗi, ido ya kan kawo ruwa, mutum ya ji kamar zai yi amai, yaro kuwa ya yi kuka, amma bayan ta zauna yawancin mutane su kan saba da ita. Mai roba yana numfashi, yana kuma magana.

Bayan an sa, tilas ne a tabbata tumbi ta shiga kafin a zuba kome. A kan zuƙo ɗan ruwa da sirinji a ɗiga a kan wata takardar gwajin tsami, gama ruwan tumbi yana da tsami, na huhu kuwa ba shi da shi. In takardar ta nuna lamba 5.5 ko ƙasa da haka, an dace. In an yi shakka sai a ɗauki hoton ƙirji. Akwai tsohuwar dabara ta hura iska cikin robar a saurara a kan ciki, amma an gano ƙarar ta kan ruɗi mai sauraro, har hukumar kiyaye lafiyar majiyyata ta Ingila ta hana dogara da ita tun 2005.

Robar da aka yi da leda mai ɗan tauri ta kwana 7 zuwa 10 ce, sa'an nan a sake wata. Mai laushi ta kan kai mako huɗu zuwa shida.

HAƊARINTA

Ba daidai ba ne hakimi ya ce wa jama'a robar ba ta da haɗari ko kaɗan, gama ran da aka ga akasin haka ba za a ƙara yarda da maganarsa ba. Babban haɗarinta shi ne ta kauce ta shiga hanyar iska, a zuba abinci cikin huhu. Wannan yana iya kisa, shi ya sa a ke yin gwajin da aka ambata, shi ya sa kuma ba kowa a ke bari ya sa ta ba. Ta kan jawo haɓo, ta kan yi gyambo a bakin hanci in filasta ta matse, ta kan toshe, majiyyaci kuma ya kan fizge ta. Abincin da aka zuba da gaggawa ya kan komo ya shaƙe mutum, wanda ba shi da tsabta kuwa ya kawo gudawa. Wanda ya daɗe bai ci ba in aka cika masa ciki rana ɗaya, gishirin jininsa ya kan rikice har zuciya ta tsaya. Saboda haka in an ga nas tana ba da ɗan kaɗan a kwanakin farko, kada a ce rowa ta ke yi.

Akwai kuma waɗanda ba a sa musu ta hanci sam, kamar wanda ƙashin gindin ƙoƙon kansa ya fashe ko fuskarsa ta ragargaje a hatsari. Irin wannan ta baki a ke bi da ita.

ZANCEN CEWA ROBAR TANA KISA

A kan ji mutane suna cewa, wane an sa masa roba jiya, yau ya cika. Mai faɗin haka abin da ya gani ya faɗa, amma lissafinsa ne bai cika ba. Likita ba ya sa wa mai mura roba. Wanda ya fi kowa jin jiki a ɗakin shi a ke sa wa, galibi kuwa wanda aka ajiye a gida mako biyu ko uku ana gwada wannan da wancan, sai da ya daina haɗiya aka kawo shi. In irin wannan ya rasu, ciwon da jinkirin ne suka yi sanadi. Masu kashe gobara a kan gan su a ƙofar duk gidan da ya ƙone, ba a kuwa taɓa cewa su suka sa wutar ba. Sa'an nan wanda ya warke an cire masa robar tun kafin a sallame shi, ya komo gari ba wanda ya gan shi da ita. Labarin wanda ya rasu shi kaɗai ke yawo a kasuwa da wurin suna.

Wannan zance yana da mugun sakamako. Tsoron roba ya kan sa a ƙi kai yaro asibiti da wuri, ƙin kai shi da wuri ya sa a kai shi a galabaice, in ya rasu kuma zancen ya ƙara ƙarfi.

JIYYA A GIDA

Wani majiyyaci, musamman dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, a kan sallame shi da robarsa. Kafin a bar asibiti lalle mutum biyu daga gidan su tsaya nas ta koya musu, su yi a gabanta. Abubuwan da za su kiyaye su ne waɗannan.

A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa robar. A duba alamar da aka yi mata a bakin hanci, in ta fito fiye da yadda ta ke, kada a zuba kome. A tada majiyyaci ya jingina, kada a ciyar da shi a kwance, a kuma bar shi a jingine rabin awa zuwa awa ɗaya bayan an gama. Abinci ya zama sabon dafawa, tacacce, mai ɗumi kaɗan, gama wanda a ke zuba wa ta roba ba shi da halin cewa ya yi zafi. A bar shi ya sauka da kansa, kada a tura da ƙarfi. Kafin abinci da bayansa, da kuma bayan magani, a bi da tafasasshen ruwan da ya huce, misalin cokali biyu na cin abinci ga babba, don kada robar ta toshe. Tsinkakken kunu shi kaɗai ba ya riƙe mutum, sai a bi abin da asibiti ta tsara na ƙarin madara ko gyaɗa ko waken suya. Ba ko wace ƙwayar magani a ke niƙawa ba, a tambayi likita tukuna, haka kuma jiƙo da tsimi. A riƙa goge masa baki da haƙora safe da yamma, ko da ba ya ci da shi.

In ana cikin zubawa ya kama tari, ko numfashinsa ya sake, ko ya yi amai, a tsaya nan take a nemi malamin asibiti. In robar ta fita, kada wani a gida ya mai da ita, kada kuma a kira mai kemis. A koma asibiti.

INDA BA TA DA AMFANI

Robar ba ta warkar da ciwo, riƙe mutum ta ke yi har magani ya yi aiki ko jiki ya komo. Saboda haka akwai inda ba ta ƙara kome. Tsohon da ciwon mantuwa ya yi wa nisa ƙwarai har ya daina ci, an bincika ba a ga robar tana ƙara masa kwana ba, sai dai ta dame shi har a kai ga ɗaure masa hannu. Irin wannan ya fi jin daɗin a ba shi ɗan abin da ya iya karɓa da cokali, a hankali. In likita ya ce ba za a sa wa irin wannan roba ba, kada dangi su ɗauka an yi watsi da shi ne.

Har ila yau, baligi mai cikakken hankali yana da ikon ya ce ba ya so, bayan an bayyana masa abin da zai biyo baya. Ba a danne shi a sa masa. Aikin shugaba a nan lallashi ne da fahimtarwa.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Da fari, a karanta wa dagatai da masu unguwa wannan jawabi, su kuma su isar wa masu gida, gama sau da yawa uwa ta kan yarda amma ta ce sai mai gida ya ba da izini, shi kuwa yana gona ko yana fatauci. Ya kamata mai gida in zai aika da iyalinsa asibiti ya ba da izinin tun daga gida, ko ya bar lambar wayar da za a same shi.

Na biyu, a gayyaci malamin asibitin gunduma ya zo da roba sabuwa ran taro, a ba dattawa su riƙe ta a hannu, su ga laushinta da ƙanƙantarta, su yi tambaya. A kira ungozomomi da kakanni mata, don su ne a ke jin maganarsu a ɗakin mai jego, a kuma yi musu bayanin haɗarin ɗure.

Na uku, in akwai iyayen da aka sa wa ɗansu roba ya warke, kuma suka yarda, a ba su dama su faɗa da bakinsu. Maganar maƙwabci ta fi ta baƙo shiga kunne.

Na huɗu, in labari ya zo cewa wani ya ɗauke mara lafiyarsa daga asibiti saboda roba, a aika masa da dattijon da ya ke jin nauyi, tun ran nan, ba tare da tsawa ko barazana ba. A tambaye shi dalili, gama wani tsoro ne, wani kuwa kuɗi ne suka ƙare ya ke jin kunyar faɗa. In kuɗi ne, hakimi ya san masu hali a ƙasarsa.

Na biyar, magatakarda su riƙa rubuta irin waɗannan al'amura, da ƙauyen da suka auku, su sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, don a san inda za a ƙara kai bayani. In kuma jama'a suna da kuka a kan yadda aka yi musu a asibiti, kamar a sa wa yaro roba ba a gaya wa uwarsa dalili ba, shi ma a rubuta a kai, gama haƙƙin iyaye ne a yi musu bayani kafin a taɓa ɗansu.

Mafi muhimmanci duka shi ne a kai mara lafiya asibiti tun yana iya haɗiya. Yaron da ya ƙi nono ko ya ƙi sha yini guda, ko babban da ya fara ƙwarewa da ruwa, ko wanda cikinsa ya kumbura yana amai ba ya fid da iska, kada a bari su kwana a gida. Wanda aka kai da wuri sau da yawa ba ya ma bukatar robar, wanda kuwa ya bukace ta ya fi samun amfaninta. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.